Nasiha a Kan Akushin Mai Ciwon Sukari

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani mai wannan rubutu majinyaci ne, kuma almajirin wani majinyaci ne da ya riga mu gidan gaskiya. Malamina, Allah Ya jiƙansa, wanda na karanta fiƙihu a gabansa, ciwon sukari ya kama shi yana da sauran ƙarfinsa. Ya zauna da shi shekaru yana shan zuma kowace asuba, domin an gaya masa ita ce maganinsa. Ganinsa ya yi ta raguwa har ya kai ba ya rarrabe wasali da ɗigo, mu muke karanta masa littattafan da ya kwafa da hannunsa. Sa'an nan ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, wurin ya zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa, daga ƙarshe aka yanke ƙafar. Ni ne mai kai masa akushi a shekarun nan, kuma ni ne mai cewa, "Allah gafarta Malam, a ƙara ko loma ɗaya." Sa'ad da ciwon ya zo kaina, likita ya zaunar da ni ya warware mini al'amarinsa, sai na gane da hannuna na taimaki cutar a kan malamina, ina zaton ladabi nake yi. Wannan shi ne sababin rubutun nan.

Abin da nake nufin tabbatarwa guda ɗaya ne. Abincin mai ciwon sukari shi ne abincin gidansa, sai dai a auna shi, a tsara lokacinsa, a yawaita masa ganye da wake. Kuma awon nan ba ya yiwuwa gare shi shi kaɗai, sai iyalinsa da almajiransa da masu gayyatarsa sun yarda sun taya shi.

Fasali na farko, a kan haƙiƙar cutar

Ku sani duk abin da muka ci na hatsi ko rogo ko doya ko dankali, in ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma sukari ya shiga jini, ko da harshe bai ji zaƙinsa ba. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai fitar da wani ruwa da likitoci ke kira insulin, aikinsa shi ne ya buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya ƙaranta, ko jiki ya daina karɓar umarninsa, sai sukari ya taru a jini har ya kwarara cikin fitsari. Daga nan sai ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, da rama, da kasala. In ya daɗe a haka sai ya ci ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa, ya jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Tsohuwar cuta ce. Masu magani na ƙasar Hindu tun zamanin da sun lura kiyashi na taruwa a fitsarin mai ita. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta ta a littafinsa Alƙanun. A 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Banting da Best suka ciro insulin, aka fara yi wa wani yaro allurarsa a 1922. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita miliyan 200 ne a 1990, suka kai miliyan 830 a 2022. Saboda haka wanda ya ce sammu ne, ko cutar masu kuɗi ce, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa. Ana gane ta da awon jini a asibiti. In an auna mutum da safe bai ci kome ba aka sami 126 ko fiye, aka sake wata rana aka sami haka, to ita ce.

Fasali na biyu, a kan ruɗu guda biyu

Na farko shi ne zuma. In wani ya ce, yaya za ka hana abin da aka ambaci warakarsa a Suratun Nahli? Jawabi shi ne, ban musa warakarta ba. Amma ku kun fi kowa sanin cewa da yawa daga malaman tafsiri sun ce lafazin bai game kowace cuta da kowane majinyaci ba. Ruwa rayuwa ne, amma ba a ba wanda ya nutse a kogi. Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, dabino busasshe kusan kashi 2 cikin 3. Wanda jininsa ya cika da sukari, in ya sha zuma da cokali don magani, ya zuba wa wuta mai. Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi, to a jikin mai ciwon nan harbin ya rinjayi zaƙin.

Na biyu ya fi na farko yaɗuwa yau, watau faɗin mutane cewa mai ciwon sukari ya bar dawa da gero da masara ya koma alkama da acca, su ba sa cutarwa. Na ga magidanci ya tsananta wa aljihunsa ya sayo alkama, aka tuƙa masa, ya ci malmala uku yana murna, aka auna jininsa aka same shi ya hau. Alkama hatsi ce, acca hatsi ce, su duka sukari suke komawa. Fifikon da ke tsakanin hatsi da hatsi ƙarami ne, wanda ke tsakanin malmala ɗaya da uku shi ne babba. Abin lura a hatsi shi ne dusarsa. Wanda ba a surfe shi ƙwarai ba, ba a kuma niƙe shi lilis ba, ya fi jinkirin narkewa. Farar shinkafa da burodi da abin sha irin koko da kunu su ne masu saurin hawa jini, balle in an zuba musu sukari.

Fasali na uku, a kan awo

Ya kai ɗan'uwa, dubi akushinka ka raba shi gida 4. Gida 2 na ganye ne: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kuɓewa, kabeji, yalo, tumatir. Gida 1 na wake ne ko kifi ko ƙwai ko nama maras kitse. Gida 1 da ya saura shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya, gwargwadon dunƙulen hannunka, kada ka ƙara. Mun saba tuwo tsibi guda, miya 'yar dangwale. Kai sai ka juya, miya ta yi yawa, tuwo ya zama ɗan rakiya. A rage mai a miya, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin hawan jini abokin tafiyar ciwon nan ne, kuma gishirin da ya dace da baligi a yini bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, watau ƙasa da giram 5.

Ga yadda na tsara yinina, na ɗaura shi a kan lokutan salla don kada in manta. Da hantsi, alale ko ƙwai dafaffe ko ƙosai kaɗan, da koko ɗan ƙaramin kofi ba sukari. Bayan azahar, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, sa'an nan wake da 'yar shinkafa, waken ya rinjaya. In yunwa ta taso da la'asar, gyaɗa cikin tafi ɗaya, ko gwaiba ɗaya, ko kindirmo ba sukari. Bayan magariba, malmala ɗaya ƙarama da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa da ɗan kifi. Sai in taka da ƙafa zuwa sallar isha'i a masallacin da ya fi nisa, domin tafiya bayan cin abinci tana sauke sukari, kuma likitoci na son mutum ya tara minti 150 na motsa jiki a mako. Abin shana ruwa ne, ko zoɓo da shayi ba sukari. Fura ina sha jefi-jefi, dunƙule ƙarami cikin nono mai yawa, a maimakon tuwo, ba a bayansa ba. Wanda ƙodarsa ta taɓu kuwa, awonsa dabam ne, likitansa ne zai yanka masa.

In wani ya ce wannan tsarin masu hali ne, sai in ce gaskiya ne talaka da hatsi yake cika cikin iyalinsa, kuma ganye na tsada da rani. Amma zogale na tsirowa a bayan ɗaki, kuka da kuɓewa da rama ana shanya su a ajiye, kuma kuɗin da ke tafiya ga sukari da lemon kwalba ya isa ya sayi wake.

Fasali na huɗu, a kan haƙƙin majinyaci a wuyan jama'a

Nan ne maganata ta fi nauyi. Malami mutum ne da ake kira suna da ɗaurin aure da walimar sauka, ko'ina a ajiye masa masa da alkaki da nakiya da lemo, a ce, "Malam, a taɓa don albarka." In ya ƙi a ce girman kai. Ku sani kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali iyakar da aka yanka wa mai lafiya a yini duka kamar cokali 12 ce. Ya kai mai gayyata, in baƙonka ya ce yana da ciwon nan, karrama shi da ruwa da nama da ganye, ka bar matsa masa. Ke uwargida, awo a hannunki yake, ki ware masa kwanonsa, domin wanda ke cin akushin tarayya ba ya sanin iyakar abin da ya ci. Ya zauna cikin jama'a da nasa kwano, albarkar taro ba ta ɓace ba. Kai kuma majinyaci, kada kunya ta sa ka ɓoye cutarka. Ba aibi ba ce.

Ku malaman tsangaya, in kun ga yaro yana ramewa, yana yawan shan ruwa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada ku doke shi, ku kai shi asibiti a ranar. Akwai nau'in ciwon nan mai kama yara, wanda awon abinci kaɗai ba ya tsayar da shi, sai allurar insulin kullum, kuma jinkiri a cikinsa yana kisa.

Fasali na biyar, a kan magani da azumi

Awo ba ya ɗauke magani, magani ba ya ɗauke awo. Mai shan ƙwaya ko mai allura kada ya tsallake abinci, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa da 70, sai rawar jiki da gumi da jiri da ruɗewa. A wannan hali sukarin da muka hana shi ne ceto: a ba shi cokali babba ɗaya cikin ruwa, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a gaggauta kai shi asibiti.

Ramadan kuwa, rangwamen majinyaci sananne ne gare ku a Suratul Baƙara, hukuncin ramuwa da ciyarwa yana cikin littattafanku. Ya je wurin likita tun a Rajab ko farkon Sha'aban a duba ko zai iya, a gyara masa lokutan magani. In ya ɗauka, ya jinkirta sahur, ya buɗe baki da ruwa da dabino 1 ko 2, kada ya rama yunwar yini a zama ɗaya. In awo ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya, ko da rana ta kusa faɗuwa.

Ni yau ina karatu da idona, ina zuwa masallaci da ƙafata, kuma kowane dare ina duba tafin ƙafar nan kafin in kwanta, ina tuna malamina. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon duk wanda takardar nan ta isa hannunsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman mata masu riƙe da muciya da ludayi. Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.

Tammat. Wassalamu.