Wa Ke Ba Talakan Rimawa Magani?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma lokaci ya yi da za mu yi ta a bainar jama'a. Idan zazzaɓi ya kama yaro tsakiyar damina a wani ƙauye na ƙasar Wurno ko Rabah ko Goronyo, hannun wa ke miƙa masa magani? Duk wanda ya fito daga Rimawa ya san amsa. Mai kemis ne, wanda sau da yawa iyakar iliminsa shi ne 'yan shekarun da ya yi yana yaron shago a gaban maigidansa.

Alhali kuwa doka ba ta bar wannan al'amari kara zube ba. Tsarin mulkin 1999 ya sanya sha'anin magunguna da guba a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar soja mai lamba 91 ta 1992 ta kafa majalisar kula da masana haɗa magunguna, sa'an nan a 2022 aka maye gurbinta da sabuwar doka wadda ta ƙarfafa ikon wannan majalisa, da ake kira PCN, a kan duk mai taɓa magani don sana'a. Ma'aikatan kuwa hawa uku ne. Na sama shi ne masanin da ya yi digiri a jami'a, ya yi shekara guda ta horon aiki, ya yi rajista, yana kuma sabunta lasisinsa kowace shekara. Na biyu shi ne mataimakinsa, wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya, yana aiki ƙarƙashin kulawarsa. Na uku shi ne mai kemis, wanda aka yarje masa sayar da ƙananan magunguna cikin kwalinsu na asali. Ba shi da izinin yin allura, ko ƙarin ruwa, ko sayar da maganin da sai da takardar likita.

Ba mu ja da wannan doka. Mun ga abin da sakaci ya haifar lokacin da maganin tari mai kodin ya zama abin shan matasa, har gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Mun kuma san illar ƙirga wa majiyyaci ƙwayoyi gwargwadon kuɗin aljihunsa: ya sha na kwana biyu a maimakon biyar, cutar ta lafa ba ta mutu ba, ta dawo ta saba da maganin. Wa zai gaya wa mai kemis wannan, tun da babu wanda ya taɓa karantar da shi?

Abin da muke ja da shi shi ne doka mai hawa uku a takarda, amma a ƙauyukanmu hawa ɗaya kaɗai ake gani, na ƙasa, yana ɗauke da nauyin duka ukun. Shi ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai ba da bashi har kaka. In an rufe shagonsa an sa kwaɗo, masu dubawa su hau mota su koma birni, ina uwar yaron nan za ta nufa? Wurin mai tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, wanda maganinsa ya wuni yana shan rana. An gudu ke nan ba a tsira ba. Ko a Kano, da aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a 2024, sai da aka riga aka gina musu cibiya a Dangwauro. Me ya sa talakan Rimawa kaɗai za a ce ya zubar da ruwan tulunsa don an ga hadari?

Lasisi na Tarayya ne, amma ɗaukar ma'aikata da tura su asibitocin karkara aikin gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi. Saboda haka muna kira da a yi abu uku. Na farko, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta tabbatar kowane babban asibiti na waɗannan ƙananan hukumomi yana da masanin haɗa magunguna mazauni, kowane ɗakin shan magani yana da mataimaki mai takarda, tare da alawus da gidan kwana da za su zaunar da su. Na biyu, a ware wa 'ya'yan Rimawa gurabe da tallafi a makarantun aikin lafiya irin ta Gwadabawa, bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Na uku, a tara masu kemis a horar da su, a nuna musu iyakarsu da lokacin da ya wajaba su tura majiyyaci asibiti. Wanda ya ƙetare iyaka bayan haka, doka ta hau kansa, ba za mu yi masa kuka ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello suna yaye masana haɗa magunguna, to ina suke? Da yawanmu tun kafin mu karɓi takarda idonmu yana Abuja ko Saudiyya ko Ingila. Za mu ce hanyoyin gabashin Sakkwato ba su da tsaro, kuma gaskiya ne. Sai dai manomin shinkafa da albasa wanda guminsa ya kawo mu nan, a cikin wannan rashin tsaron yake kwana yake tashi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma kabarinsa ke can, duk da nauyin daula bai ga ya fi ƙarfin rubuta littattafai a kan magani ba, har da na basir. Abin kunya ne a ce ƙasar da ya kwanta a cikinta, kusan shekara ɗari biyu bayansa, yaranta suna karɓar allura daga hannun da bai san awo ba. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, mu kuma ya ba mu zuciyar komawa gida.