Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kukan Jita da Ƙarfen da ke Ɓoye a Wuyanta



Duk wanda ya daɗe a Kilomita Biyar ya san jita ta zama 'yar gida a Bangi. Kiɗan rumba da ya ƙetaro kogin Ubangi daga Kwango, tun zamanin su Franco Luambo wanda ya rasu a 1989, a kan tsirkiyarta ya ginu, haka ma kiɗan Zokela da ya taso daga yankin Lobaye. 'Ya'yanmu da suka girma tsakanin Masallacin Koudoukou da babbar kasuwa sun ji wannan sauti tun suna goye. Wasu sun saye ta don nishaɗi, wasu kuma da ita suke neman na cefane a wuraren biki. Hukuncin kiɗa na malamai ne, su za a tambaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dukiyar da ake asara saboda wata 'yar ƙara da aka kasa gane asalinta.

Ga yadda abin yake faruwa. Jita tana jingine a ɗaki da tsakar dare, ba wanda ya taɓa ta, sai a ji ta yi "ƙas". Ko kuwa mai ita ya ɗauke ta, ya ɗan motsa wuyanta, sai ta yi kuka irin na tsohuwar ƙofa. Daga nan zance ya kasu biyu. Wani ya ce an yi mata sammu ko aljanu sun shige ta, ya rabu da ita a arha. Wani kuma, wanda ya kalli bidiyo guda a intanet, ya nemo ɗan makulli mai kusurwa shida, ya zura a ramin wuyanta, ya yi ta murɗawa har wani abu ya karye a ciki. Ra'ayina shi ne duka biyun cuta ɗaya ke damunsu: mun karɓi kayan kiɗan, amma mun bar ilimin kula da shi a can inda aka ƙera shi.

Bari mu fara da nauyin da ke kan wuyan jita. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan aka ɗaure su daidai, suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, wato kimanin buhun siminti ɗaya da rabi, dare da rana ba hutu. Siririn icce ba zai jure wannan ba sai ya ranƙwafa. Shi ya sa wani ma'aikacin kamfanin Gibson a garin Kalamazoo na Amurka, Thaddeus McHugh, ya fito da dabarar binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a ƙarshenta. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1921, aka ba shi a 1923. In aka ɗaure notin, sandar ta ja wuyan baya, ta yi gaba da jan tsirkiya. Kamfanin Martin ya daɗe yana sa ƙarfen da ba a murɗawa, sai a 1985 ya koma ga mai noti. Daga baya aka yawaita sanda mai aiki biyu, wadda ke iya tanƙwara wuyan gaba ko baya.

To ina kukan yake fitowa? Daga icce, galibi. Icce ko an sare shi an busar ba ya daina shan laima da fitar da ita: ya kumbura da damina, ya tsuke da rani. Ƙarfe kuwa bai san wannan ba. Masu ƙera jita suna haɗa ta a ɗakin da laimarsa ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Sai a kawo ta Bangi, inda iska ke jiƙe mafi yawan shekara, sannan daga Disamba zuwa Fabrairu rani ya busar da komai. Iccen yana motsi, sandar tana tsaye a kwarminta, suna gugar juna; da gugar ta taru ta saki lokaci guda, ita ce "ƙas" ɗin da ake ji da dare, lokacin da sanyi ya sauko. Idan notin ya yi sako-sako, sandar takan yi kaɗa-kaɗa a ciki, kuma ana ganewa ta hanyar ƙwanƙwasa bayan wuyan da yatsa a saurara. Idan tsatsa ta kama zaren notin, yakan yi kuka sa'ad da ake murɗa shi.

Sai dai sau da yawa sandar ba ta da laifi. Akwai ɗan farin ƙashi mai tsagi shida a kusa da kai. In tsirkiya ta maƙale a tsaginsa, takan fizge da ƙara yayin ɗaurewa, kuma gogen bakin fensir a tsagin ya isa magani. Kunnuwan ɗaure tsirkiya sukan saki, su riƙa rawa. Jaki, inda tsirkiyoyin suka sauka a kan ciki, yakan fara ɗagowa in zafi ya sassauta gam. A cikin ƙoƙon kuma akwai siraran itatuwa da aka manna kamar haƙarƙari. Guda ɗaya in ya saki, danna fuskar jitar da tafin hannu zai sa ta kuka. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu haɗari, domin in an ƙyale su fuskar jitar ce za ta tsage. Mai murɗa sanda saboda su ya zama mai shan maganin ciwon kai alhali ƙafa ce ta karye.

Kuskure mafi yawa a wajenmu shi ne na damina. Fuskar jita takan kumbura, ta ɗaga jaki, tsirkiya ta yi nisa da wuya, yatsu su sha wahala. Sai a ɗauka wuyan ne ya lanƙwashe, a dinga ɗaure noti. Alhali aikin sandar guda ɗaya ne, daidaita lanƙwasar wuya. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a danne babbar tsirkiya a kan layin ƙarfe na farko da na 14, a duba ratar da ke tsakaninta da layi na 7. In ta kai kaurin kati mai ɗan kauri, wuyan lafiya lau yake, a ƙyale shi. In dole sai an murɗa, kada a wuce rubu'in zagaye, a bar iccen ya kwana, sannan a sake dubawa. Da zarar notin ya ƙi motsi, a tsaya. Sanda in ta karye, sai an ɓamɓare dukan katakon da yatsu ke hawa kafin a kai gare ta, aikin da kan fi kuɗin jitar kanta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Yanzu mu waiwayi namu na gado. Gurmi da garaya da molo ba su ɓoye wa mai su komai ba: ƙoƙo ne, da fata, da sanda, da tsirkiya. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zaga duniya. Makaɗin goge ya san fatarsa na saki da damina, ya san ya shanya ta a rana ko ya kusanta ta da wuta. A al'adarmu wanda ya koyi kiɗa a gidan ubangidansa tare da gyara yake koya, ba a raba su. Jita ce ta zo mana da ɓoyayyen ƙarfe, ta raba makaɗi da magyari, mu kuma muka ɗauki na farko muka manta da na biyu.

Akwai masu cewa mafita ita ce yara su watsar da jita su koma gurmi. Ina son gurmi, kuma ina fatan a raya shi a nan, amma yaron da ke cin abinci da rumba a Bangi ba zai bi wannan shawara ba, kuma nasihar da ba za a bi ba ba ta tsare dukiyar kowa. Akwai kuma masu cewa jitocin da ke iso mana masu arha ne, ba su cancanci gyara ba, in ta lalace a sayi wata. Wannan magana ce ta mai wadata. Ga matashin da ya yi watanni yana tara sefa, mai arhar ita ce jarinsa duka, kuma mai arha ta fi bukatar magyari, domin iccenta bai bushe sosai ba kafin a haɗa ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Iccen sapele, wanda manyan kamfanoni irin su Taylor da Martin suke sawa a bayan jita da gefenta, yana cikin manyan katakon da ƙasar nan take fitarwa daga dazuzzukan Lobaye da Sangha-Mbaéré, a bi da shi ta Duwala. Baƙin iccen da ake shimfiɗawa a kan wuya kuwa, tun 2011 kamfanin Taylor ke da hannun jari a wata masana'antar yanka shi a Yawunde. Icce daga yankinmu yake tafiya, a sarrafa shi a ƙetare, ya dawo mu tsaya muna mamakin kukansa, alhali a unguwar nan akwai kafintocin da suka san halin sapele fiye da wanda ya saye shi a takarda.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Iyayen unguwa da ƙungiyoyin matasa su zaɓi yara biyu ko uku daga shagunan kafinta, a haɗa musu karyayyun jitocin da ke jibge a ɗakuna, su farke su, su ga sandar da idonsu, su koyi manna jaki da haƙarƙari. Kayan aikin ba su da yawa: makullai, gam na katako, matsai, da ɗan madubi na leƙa ciki. Mai saye kuma kada ya biya sai ya ga notin sandar a ramin ciki ko a kai, ya tabbatar yana juyawa. In ya samu mai aiki biyu ta fi dacewa da garin da laimarsa ke hawa da sauka, domin mai aiki ɗaya ba ta da abin yi in wuya ya koma baya. A gida a ajiye jita cikin jakarta, nesa da bango mai danshi da rufin kwano, kuma kada a bar ta a mota cikin rana.

Wanda ya san kafintan da ya taɓa gyara jita ko gurmi a Kilomita Biyar, ya sanar da shugabannin matasa, a fara da shi. Allah ya sa albarka a sana'ar 'ya'yanmu, ya tsare musu abin da suka tara.

Wassalam.