Dillalan Gidaje da Baƙin da Tsoro Ya Koro

Jama'a, akwai wani al'amari a ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo wanda ya kamata a dube shi da idon basira, watau irin riƙon da waɗansu dillalan gidaje da filaye ke yi wa masu neman wurin zama.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga watan Yuli na 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka far wa ƙauyukan Gandi a ƙasar Raba, zuwa Oktoba na 2021, da suka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo, da abin da ya biyo baya, mutanen karkara sun yi ta ƙaura zuwa cikin garuruwan nan da birnin Sakkwato. Masu neman ɗaki sun yawaita, ɗakuna ba su ƙaru gwargwadonsu ba, ga siminti da kwanon rufi sun yi tsada. Sai haya ta hau, fili ma ya hau.

To, da can sunan dillali shi ne jarinsa. Shi ke neman mai saye, don ya san in ya cuce shi yau, gobe gari duka ya ji. Yanzu kuwa mai saye ke neman dillali, ga shi baƙo, ba shi da wanda zai tsaya masa, iyalinsa suna raɓe a makaranta ko a zauren wani. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wannan ya sa dillali ya daina ganin amfanin kyautatawa.

Koke-koken iri ɗaya ne. A yi alkawarin hantsi, ba a ganin dillali sai la'asar, in an buga masa waya ya ƙi ɗauka. A karɓi kuɗin ganin gida tun ba a ga kome ba. A nuna wa mutum uku ɗaki ɗaya, a ce wa kowa wani ya yi ƙari. A ɓoye cewa ruwa yana kwanciya a fili da damina, alhali mutanen bakin gulbin Rima ba su manta da ambaliyar 2010 ba. Wani ma fili na gādo ne, ba a raba ba, sai an fara gini magada su taso. Sa'an nan la'ada, wadda a haya takan kai kashi goma cikin ɗari, wani ya karɓe ta hannu biyu. Ba duka ne ke haka ba, kuma akwai masu gidan da ke zuga su.

Shari'a ba ta bar wannan kara zube ba. Malamanmu na Malikiyya sun sanya la'adar dillali a babin ji'ala, watau ba a cin ta sai aiki ya kammala. Sun haramta najashi, wato ƙarin ƙarya don a ruɗi mai saye, sun kuma wajabta bayyana aibin abin sayarwa. Ta wajen hukuma, Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. Bakin dillali ba takarda ba ne.

Saboda haka shawararmu uku ce. Hakimai da masu unguwa su rubuta sunayen dillalansu, su naɗa musu shugaba da za a riƙa kai wa ƙara, kamar yadda aka saba a kasuwar dabbobi. A yanke la'ada guda, a sanar a masallatai. Kai kuma mai nema, kada kwabonka ya fita sai ka ga mai gida ido da ido, an rubuta ciniki gaban shaidu biyu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ribaɗi don tsaron jama'a, a can ya rasu a 1837. Bai dace ƙasar da aka gina bisa ba da mafaka ta zama wurin cin kasuwar mai neman mafaka ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.