Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙungiyar Masu Shirya Fina-finai ta MOPPAN



Masu kallo sun daɗe suna hasashen ranar da tsofaffin fina-finan Hausa irin su Turmin Danya na 1990 da Sangaya za su sake fitowa da hoto mai tsabta, amma hasashen ba shi da tushe muddin ba a tantance mai haƙƙin mallakarsu ba. A zamanin kaset da faifan CD, furodusoshi da dama sun miƙa fina-finansu ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai bisa yarjejeniyar baka, wadda ba ta bambanta sayarwa ta dindindin da lasisi ba, wato izinin rarraba fim na wani wa'adi ba tare da mallaka ta bar hannun mai shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare fim shekara 50 daga fitowarsa, kuma ba ta amincewa da sayar da haƙƙi sai a rubuce. Saboda haka ana roƙon ƙungiyar ta buɗe rajistar da za ta nuna mai kowane fim, domin tashar talabijin ko manhajar kallo da ke neman lasisi ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, tun shaidun waɗancan cinikayya suna raye.