A Dafa Wa Masu Aikin Gayya

Ba yau aka fara aikin gayya a ƙasar Hausa ba. Tun kaka da kakanni da shi ake nome gonar mara lafiya, da shi ake yashe rijiya. Yau shi ne ya zama ƙungiyoyin taimakon kai da kai, watau masu yashe magudanar ruwa kafin damina, da masu gyaran maƙabarta, da iyayen yara masu gina aji, da masu koyar da karatu a makarantun dare.

Abin da ke damunmu shi ne, da yawa cikin ƙungiyoyin nan ba su daɗewa. Akan kafa su da zafi, kafin a jima sai ka ji shiru. Ba lalaci ke kashe su ba. Sau da yawa ma'aji ba ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, zargi ya taso, zumunci ya ɓaci. Wani lokaci kuwa a gama ginin aji, a rasa malami, ginin ya koma makwancin awaki.

An taɓa gwada maganin wannan. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, jama'a ke taruwa su ɗauki karatu, En'e ta sa masu zagawa suna duba azuzuwan, hukumar NORLA kuma, wadda aka kafa a Zariya cikin 1954, tana buga littattafai masu araha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun gyaran 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, saboda haka nauyin nan a wuyansu yake.

To, me ake bukata? Abu huɗu ne, ba kuwa masu tsada ba. Na ɗaya, a sa ma'aikaci guda wanda jama'a suka san ofishinsa, ya riƙe rajistar ƙungiyoyi, ya nuna musu hanyar buɗe asusu a banki. Na biyu, a tanadi shebur da diga da baro waɗanda za a ara a mayar. Na uku, injiniya ya duba gini tun daga tushe, kada a kwarara siminti a banza, hukumar ilimi kuma ta yi alkawarin malami tun ba a sa bulo ba. Na huɗu, a koya wa magatakarda da ma'aji rubuta lissafi. Kwalejojin horon malamai suna da azuzuwan da ke zaune a rufe lokacin hutu, mako guda ya isa.

Cikin Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In wannan ya tabbata a aikace, babu sauran uzuri.

Amma fa mu yi hattara. Ran da taimako ya zama ladan bin jam'iyya, ran nan gayya ta mutu, gama ba mai ɗaukar shebur kyauta don wani ya ci zaɓe. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ku karanta lissafinku a bainar jama'a kowane wata, domin da amana ake tara mutane.

Allah ya sa mu gane, amin.