Linzamin Mota Yana Hannun Wa?

Masu karatu sun saba da cewa in mota ta lalace sai a kai ta wurin makaniki, ya kwanta ƙarƙashinta da sifana, mai ita yana tsaye yana kallo. To, al'amarin ya fara sakewa. Motocin da ake ƙerawa yanzu a Amurka da Turai da Sin suna da kwamfuta a ciki, ita ke lura da inji da burki, har da sitiyari. Kamfanin da ya ƙera motar kuwa yana iya aiko mata da sabon umurni ta iska, kamar yadda ake sabunta wayar hannu, ba wanda ya taɓa ta.

Ba mu musun amfanin wannan. A watan Disamba na 2023 kamfanin Tesla ya gyara motoci wajen miliyan 2 a Amurka ta wannan hanya, suna ajiye a gidajen masu su. Amma fa ƙofar da mai gida ke shiga, ita ɓarawo ke nema. A 2015 waɗansu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka zauna a ɗaki da kwamfuta, suka kama wata Jeep Cherokee tana gudu a kan babbar hanya a St. Louis, wajen mil 10 daga inda suke, suka tsinke giyarta, direba yana taka totur, mota ta ƙi ja. Gwaji ne, da yardar direban aka yi, duk da haka sai da kamfanin Fiat Chrysler ya nemi gyara motoci miliyan 1 da dubu 400.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Yawuri da wannan? Da ruwansa kuwa. Motocin da ke kwasar kifi daga Wara da sauran gaɓar tafkin Kainji, da masu ɗauko amfanin gona daga Shanga zuwa Kwantagora ko Jega, galibinsu 'yan Kwatano ne, watau waɗanda aka gama morewa a can ƙasashen. Abin da ke sabo a can yau, shi zai sauka tashar Yelwa nan da shekara goma. A 2015 ta gidan waya aka aika wa masu Jeep ɗin da ɗan abin da za su soka a mota ta gyaru. To, wanda ya saye ta hannu na uku a Ngaski, wa ya san adireshinsa? Sa'an nan in umurnin ya iso da kuskure, mota ta ƙi tashi da almuru a dajin da ba ko sabis na waya, a wannan zamani na 'yan bindiga, ai magana ta wuce ta hasarar kifi. Makanikinmu kuwa, kome gwanintarsa, sifana ba ta kwance abin da aka kulle da rubutu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji biyu a 2021, masu lamba 155 da 156, ɗaya kan tsare mota daga masu kutse, ɗaya kan yadda za a riƙa sabunta ta. Tun watan Yuli na 2024 ba a sayar da sabuwar mota a Tarayyar Turai sai ta cika su. Muna roƙon hukumar NADDC mai kula da harkar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra su duba su, su kuma sa mai shigo da mota ya bayyana wa mai saye a rubuce ko motar tana karɓar umurni daga waje, da wanda ke aiko shi. Gwamnatin Jihar Kebbi kuma ta sa na'urar binciken kwamfutar mota a makarantunta na koyon sana'a, ta buɗe wa makanikan tasha ajin yamma tun motocin ba su iso ba.