Kada A Ƙone Zanen Yaro

A unguwannin Hausawa na Agege da Sabo ta Ibadan akwai yara masu baiwar zane, amma sau da yawa in uba ya ga takardun sai ya ce shiririta ce, a hura wuta da su. Wannan kuskure ne babba.

Zane ilmi ne da ake ba da takardar shaida a kansa a Kwalejin Yaba ta Ikko, wadda aka kafa a 1947, da Jami'ar Ahmadu Bello. Marigayi Yusuf Grillo a Zariya ya koyo, a Yaba ya koyar. Makarantun zane da yawa kuwa ba su tsayawa ga sakamakon jarrabawa kaɗai, sai sun ga aikin hannun yaro.

Saboda haka ya kamata iyaye su sama masa jakar kwali ya riƙa adana aikinsa tun da wuri, kowanne da kwanan wata. Ya zana abin da idonsa ya gani: mai goro, shanu a kara, baduku a bakin aiki. Wanda aka kwafo daga hoto malamai kan gane shi. Goma masu kyau sun fi hamsin na gaggawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya.